Malam Gideon da Tukunyar Aji Uku

Malam Gideon ba mutumin bakin ruwa ba ne. A tudu aka haife shi, a wani ƙauyen Kambari da ke gabas da Ngaski, inda dawa da gero su ne abinci, kifi kuwa sai ranar kasuwa. Mahaifinsa manomi ne mai 'ya'ya tara, kuma Gideon kaɗai ne a cikinsu ya wuce firamare. Ba don ya fi sauran kai ba. Ƙafarsa ta hagu ce ta ɗan shanye tun yana ƙarami, uban ya duba ya ga wannan ba zai iya huɗa ba, sai ya bar wa boko shi. Ya yi sakandare a Yelwa yana zaune gidan wani kawunsa, ya je ya yi karatun malanta, ya dawo ya shekara biyu ba aiki. A shekarar 2009 aka ɗauke shi, aka tura shi firamaren Tungar Maiƙaho, wata tungar masunta a gaɓar tafkin Kainji. Can ya kai matarsa Hannah, suka kama ɗaki biyu a bayan gari.

Makarantar ɗaki huɗu ce, aji shida. Aji uku aka ba shi, kuma shi ya riƙe har shekara goma sha huɗu. Mutum ne marar yawan magana, ba ya makara, ba ya son a makara. Abin da aka fara saninsa da shi a tungar shi ne tsumagiya. Kullum akwai sabuwa a kan teburinsa, kuma iyaye ba su ga laifin haka ba, har wasu na cewa wannan malamin ya san aiki.

A watan Yuli na shekararsa ta huɗu, wata safiya yana rubuta lissafi a allo, ya waiwaya ya ga wata yarinya ta kifa kai a kan benci. Khaulat sunanta, shekararta tara, 'yar wani masunci da ake kira Basiru. Ya kira ta sau biyu ba ta motsa ba. Ya ƙarasa ya zuba mata tsumagiya biyu a baya, ya ce ta miƙe tsaye. Ta miƙe. Ta ɗan tsaya tana kallon allo, sai ta zube tsakanin bencina.

Yara suka fashe da ihu. A bayan ajin akwai wata mata mai bandar kifi, Inna Delu, wadda murhunta ke jikin shingen makaranta, hayaƙinta na shigowa ta taga tun safe. 'Yar Gungawa ce, tana ƙarama aka taso da su daga tsibirinsu lokacin da ruwan dam ya cinye shi. Ita ce ta fara isowa, hannunta duk toka.

"Mi ka yi mata?" in ji ta.

"Bulala biyu ce kawai, Inna."

"Ɗauko ta, kawo ta inuwa."

Ya ɗauki yarinyar yana ɗingishi ya kai ta ƙarƙashin rumfar banda. Inna Delu ta shafa mata ruwa a fuska har ta buɗe ido, ta jawo ƙwaryar kunun da ta rage ta kafa mata a baki. Khaulat ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu ba ta sauke ba sai da ta ga gindinta.

"Ke, yaushe rabonki da abinci?"

Yarinyar ta saci kallon malaminta.

"Faɗi, ba ya taɓa ki."

"Jiya da hantsi."

"Mi kika ci?"

"Masara guda innarmu ta gasa, muka raba mu uku."

Inna Delu ta juya ta dubi Malam Gideon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, wanga ba lalaci ba ne. Ciki ne wayam. Kuma ba ita ɗai ba ce a ajin nan naka, ni da nika zaune nan ina ganin su."

Ya san lokacin, don shi ma ɗan manomi ne. Tsakiyar damina ce, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Abin da bai lura da shi ba shi ne yadda kifi ya ja baya a shekarun nan. Masunci zai kwana a ruwa ya fito da abin da bai cika kwano ba. Magidanta da dama sun jingine kwale-kwalensu sun tafi haƙar zinariya, wasu sun bi wasu ruwaye masu nisa, sai a yi wata biyu ba aike.

Washegari kafin ya fara darasi ya ce, "Duk wanda bai karya ba yau, ya ɗaga hannu." Ba wanda ya ɗaga. Ya sake faɗa, har sau uku. Wani a baya ya yi dariya, shi ke nan. Sai ya bar tambaya ya koma kallo. Ya lura da waɗanda ba sa fita in an kaɗa tara, da waɗanda ke yawan zuwa randa shan ruwa, da waɗanda ke tsayawa nesa kaɗan da mai ƙosai suna wasan da ba wasa ba. Cikin mako guda ya tara sunaye goma sha bakwai, a ajin mutum arba'in da shida.

Ranar kasuwar Wara ya hau babur ya sayo garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari, ya zuba a bokiti mai murfi, ya ajiye a bayan ƙofar aji. Da aka kaɗa tara ya karanto sunayen nan goma sha bakwai ya ce su tsaya, sauran su fita. Ya jiƙa gari ya raba musu a kofuna. Suka sha, kansu a ƙasa. Rana ta biyu ma haka. A rana ta uku sauran yara suka laƙaba musu suna, 'yan jiƙo, ana yi musu waƙa a filin wasa. Kafin Juma'a shida daga cikinsu sun daina zuwa makaranta, har da Khaulat.

Ranar Litinin Basiru ya zo. Bai shiga aji ba, ya tsaya a baranda ya yi sallama, Malam Gideon ya fito.

"Malam, wa ya ce maka gidana ba a ɗora tukunya?"

"Ba wanda ya ce."

"To don mi kake kiran sunan ɗiyata gaban jama'a, ana yi mata waƙa cikin gari?"

"Faɗuwa ta yi a aji, Malam Basiru. Na ga in ta samu ɗan abu da safe..."

"Ta faɗi, ta tashi. Kuma mutane na magana. Ba mu san abin da ke cikin bokitin nan naka ba."

Malam Gideon ya gane inda maganar ƙarshe ta dosa. Tungar mafi yawanta Musulmi ne, gidajen Kirista ba su fi shida ba, kuma shi baƙo ne. Ya ce, "Gari ne da ƙuli. A kasuwar Wara na saya, gaban kowa."

"Na ji. Ka bar mini ɗiyata."

Da aka tashi ya ɗaure bokitin a bayan babur ya kai gida. Hannah ta buɗe ta duba, ta juye garin a kwanonta. Bayan mako biyu aka yi hutu.

Da aka dawo a watan Satumba, yana wucewa ta jikin shinge sai Inna Delu ta kira shi.

"Malam, ina bokitin?"

"Na bari, Inna. Rigima ya jawo."

"Ba bokitin ya jawo ba, kai ne. Ka yi boko amma ba ka san mutane ba. Wa ke zaɓen baki a wurin abinci? Ka zuba wa kowa, har ɗan maigari, ka ga wanda za a yi wa waƙa."

"Su arba'in da shida ne. Ƙarfina bai kai ba."

Ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin rumfa ta buɗe masa. Gutsattsarin busasshen kifi ne, kawuna da ɓarɓashin da ke zuba in ana juya banda, da sharar warangi, ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a tabarma. Ta ce, "Wanga kaji nika zuba wa. Kowace mai banda a tungar nan tana da irinsa. Kai ka nemo tsakin masara, ni in yi fate. Amma kowane yaro ya zo da itace guda a hannunsa. Wanda ya kawo itace abincinsa ya ci, ba na wani ba."

Ya kai maganar ga hedimasta, Malam Sufyanu, mutum mai tsoron takarda. Ya ce shi bai hana ba, bai kuma sa ba, kada dai a ci lokacin darasi, kada kuma a ambaci sunansa in wani abu ya faru. Sauran aikin Inna Delu ce ta yi shi. Ta bi gidaje ta yi magana da mata, ta je gidan maigari Sallau, ta je gidan liman. Ranar da aka fara, liman Malam Usman ya zo da kansa, ya tsuguna a bakin murhu, ya sa aka zuba masa ludayi guda, ya yi bisimilla ya shanye a gaban yara da iyayen da suka zo kallo. Ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya tafi. Daga ranar ba a sake maganar abin da ke cikin tukunya ba.

Haka abin ya zauna. Da safe za ka ga 'yan aji uku sun nufo makaranta, jaka a kafaɗa, kwano a ciki, kara ko itace a hannu. Su jibge a bakin murhun Inna Delu su shiga aji. Ƙarfe goma saura a shigo da tukunya a dire gaban allo. Kowa ya zauna a mazauninsa, Malam Gideon ya bi layi yana zubawa, ludayi ɗaya da rabi, ba ya duba fuska. Shi ma yakan zuba nasa ya ci a tsaye. Minti goma sha biyar an gama, an wanke hannu.

Khaulat ta dawo a mako na biyu da itacenta. Basiru bai zo ya ce komai ba, bai kuma taɓa aiko da ko kan kifi ba, ko da wasu masunta suka fara ajiye wa Inna Delu ɗan abin da ya samu. In sun haɗu da Malam Gideon a hanya, gaisuwa ce a taƙaice kowa ya wuce, kuma haka suka zauna shekara da shekaru. Yarinyar ta gama aji shida, wata gwaggonta ta ɗauke ta zuwa Yelwa.

Tsumagiya kuwa bai ajiye ta ba. Abin da ya canza shi ne ya daina bugu kafin ƙarfe goma. Bayan fate, wanda ya yi gyangyaɗi zai sha, don a ganinsa yanzu ba shi da hujja.

Ba a daɗe ba wata matsalar ta fito. Ƙamshin fate ba ya tsayawa a aji uku. In an shigo da tukunya, sai ƙananan kawuna su jeru a taga, 'yan aji ɗaya da aji biyu. Malam Gideon yakan kore su, ya ce shi aji uku aka ba shi. Sai ya lura wasu ɗalibansa ba sa cinye nasu. Su ci rabi su rufe kwano su tura ƙarƙashin benci, in an fita su miƙa wa ƙannensu a bayan aji. Ya yi kwanaki yana ganin haka. Daga baya ya je ya samu maigari Sallau ya ce yana son gona.

A bakin tafkin, in rani ya yi ruwa yakan ja baya ya bar ƙasa mai laka, mutane su bi ta su shuka, su girbe kafin ruwan ya dawo. Maigari ya yanka wa makaranta wani tsiri a can ƙarshe, wurin da ba wanda yake so saboda nisa. Ranar Asabar Malam Gideon yakan fita da manyan ɗalibai da duk uban da ya ga dama. Mutumin da aka ce ba zai iya huɗa ba sai ga shi da fartanya, yana yi yana hutawa, ƙafar na nutsewa a laka. Suka shuka masara da wake da dankali. Shekarar farko gonar ta yi kyau, aka ƙara tukunya ta biyu, 'yan aji ɗaya da biyu suka fara zuwa da nasu itacen. Ta biyu ma ba laifi.

A shekara ta uku, saura mako biyu a karya masara, wata safiya aka aiko masa ya zo ya gani. Dorina ce ta fito daga ruwa ta shiga gonar. Masu gonakin kusa suna gadin nasu, suna buga garwa suna kora, ta makaranta kuwa ba mai gadi. Ya tarar da karan masara a kwance kamar an bi da turmi, ga sawu manya-manya cike da ruwa, kunyoyin dankali sun baje. Ya zagaya gonar sau ɗaya. Abin da aka tsinta bai cika buhu ba.

Da yamma ya buɗe rumbun gidansa, inda suke ajiye dawar da 'yan'uwansa ke aiko masa daga ƙauye. Hannah tana tsakar gida tana wanki, ta ɗago.

"Baban Enoch, dawar nan ta damina ce."

"Na sani."

"'Ya'yanka uku ne, ba ɗari ba."

"Na sani. In na tsayar yanzu, a watan da suka fi buƙata ne zan tsayar."

"Mu kuma a wane watan muke?"

Ya zura kwanon awo cikin rumbun. Ta tsame hannu daga ruwa, ta zo ta karɓi kwanon awon daga hannunsa, ta auna da kanta. Rabin abin da ya yi niyya ta ba shi, ta rufe rumbun. Ta kwana uku ba ta yi masa magana ba sai ta dole. A daminar nan gidan Malam Gideon an ci dafaffen rogo fiye da yadda aka saba, a makaranta kuma aka koma kwana uku a mako har kaka ta yi.

Wani jami'in ilimi da ya zo duba makarantu ya tarar ana rabon fate. Ya tambayi Malam Gideon ko ɗaliban sun fi cin jarrabawa tun da aka fara. Ya ce shi bai auna ba, masu ƙoƙari suna ƙoƙari, marasa ƙoƙari suna nan. Jami'in ya ce to me abin ya ƙara? Ya ce, "Suna zuwa. Kuma sun daina barci." Mutumin ya rubuta wani abu a littafinsa ya tafi.

Daga baya shirin ciyar da ɗalibai na gwamnati ya iso tungar. Aka ɗauki mata uku aka ba su riguna da huluna, suna zuwa da shinkafa da wake a kula, wata rana har da ƙwai. Inna Delu ba ta shiga ba, don ba ta da takardun da aka nema. Ta wanke tukwanen nan biyu ta kife su a bayan rumfa, ta ce ai alheri ne, ta huta. Yara suka daina zuwa da itace. Gonar ma aka bar ta, wani ya karɓa ya shuka albasa. Malam Gideon bai yi baƙin ciki ba. Shinkafar ta fi fate daɗi, kuma ranar Asabar ta zama tasa.

Aka yi kamar shekara biyu a haka. Sai abincin ya fara zuwa yau, gobe babu. Sai ya zama mako-mako. Wani zangon aka dawo hutu ba a ga kula ba, kuma ba wanda ya zo ya yi bayani. Malam Gideon ya jira wata guda, sannan ya je ya tsaya a jikin shinge. Inna Delu ta dube shi, ta ce ya turo a ɗauko tukunya ɗaya.

Farawa ta biyu ta fi ta farko wuya. Da ya ce a zo da itace, iyaye suka ce ai wannan aikin gwamnati ne yanzu, a jira ta. Masu banda da ke ba da gutsattsarin kifi sun samu masu saye, ana kai wa masu kiwon kaji. Mai albasa ya ce ya riga ya gyara ƙasa, ba zai tashi ba, maigari kuma ba ya son rigima. Sai aka koma inda aka faro, aji uku kaɗai, tukunya ɗaya, tsaki daga hannun Malam Gideon da na gidaje huɗu ko biyar da suka yarda.

A shekarar 2021, bayan sace ɗalibai a Birnin Yauri, makarantar ta daɗe a rufe. Da aka buɗe, tungar ta cika da baƙi, mutanen ƙauyukan tudu da suka gudo daga hare-hare suka kafa bukkoki a bayan gari. Ajin da ya saba da arba'in da wani abu ya haura tamanin, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Tukunyar ba ta ƙara girma ba. Aka riƙa ƙara ruwa har faten ya koma kamar kunu, ludayi ɗaya da rabi ya koma ɗaya. Wasu 'yan gari suka ce a fara ba 'ya'yansu tukuna, tunda su ke kawo tsaki. Malam Gideon ya ce duk wanda ke cikin rajista ya kuma zo da itace zai ci. Gida biyu suka janye nasu tsakin saboda haka. Matan baƙin ba su da hatsi, amma sun san ganye, suka riƙa kawo yakuwa da zogale da tafasa, faten ya ɗan yi kauri da su.

A lokacin idanun Inna Delu sun fara gazawa, hayaƙin shekara arba'in ya cinye su. Surukarta Zulai'atu ce ta karɓi muciya, ita kuma tana zaune gefe a kan tabarma tana faɗin lokacin da za a zuba kifi. Ta rasu a daminar 2022, bayan jinyar kwana tara. Malam Gideon ya bi jama'a har maƙabarta, ya tsaya gefe da aka yi salla, ya kuma zauna zaman makoki kwana uku tare da 'ya'yanta. A rana ta huɗu Zulai'atu ta hura wuta. Ta ce tsohuwar ta bar mata wasiyyar tukunyar tare da ta murhun banda, amma ita tana da goyo, kwana biyu a mako za ta iya.

Shekara guda bayan haka takarda ta zo. An ɗaga shi zuwa hedimasta, an tura shi wata ƙaramar makaranta a ƙasar Shanga, nesa da ruwa. Ya miƙa aji uku ga wata sabuwar malama, Malama Yasira, ya nuna mata inda ake ajiye ludayi da gidajen da ke ba da tsaki. Ta ce za ta gwada. Labarin da yake samu shi ne ana yi ranar Litinin da Laraba, wani makon a tsallake. Hannah da yara suka koma Wara saboda makarantar Enoch, shi kuma yana zuwa ƙarshen mako a kan babur.

Sabuwar makarantar rabinta 'ya'yan manoma ne, rabi 'ya'yan Fulanin rugagen da ke kewaye. Ya yi zango biyu yana kallo kafin ya buɗe baki. Abin da ya gani shi ne yunwar ba lokaci ɗaya take zuwa musu ba. Da damina shanu na da ciyawa, nono ya wadata, 'ya'yan ruga na zuwa da ƙoshi, na manoma kuwa rumbu ya yi ƙasa. Da rani kuma manoma na da hatsi, shanu sun tafi neman ruwa, 'ya'yan ruga su ne ke kifa kai a benci.

Ya tara dattawan gari da na ruga a ƙarƙashin bishiyar makaranta ya faɗi abin da ya gani. Taron bai yi kyau ba. Akwai tsohuwar maganar ɓarnar gona tsakaninsu, aka bar batun abinci aka koma kanta, har aka watse ba sallama. Bai sake kiran taro ba. Ya koma bin mata ɗaya-ɗaya, masu tallan nono da ke wucewa ta gaban makaranta da masu surfe a cikin gari. Mafi yawansu suka ce sai sun tambayi mazajensu, ba su dawo da amsa ba.

A farkon daminar da ta biyo, wata Talata da safe, wata Bafulatana mai suna Altine, wadda 'ya'yanta biyu ke makarantar, ta sauke ƙwarya a bakin ofishinsa. Nono ne, tsala, kusan cike. Ta ce rafi ya cika, ba hanyar kasuwa, in ta ajiye zai lalace.

"Ba kullum ba ne fa, Malam," in ji ta. "Ranar da ruwa ya tare hanya ne kawai."

"Na gode. Allah ya ƙara albarka ga shanu."

"Amin. A wanke ƙwaryar da ruwan zafi, kada a sa sabulu. Da azahar zan biyo in ɗauka."

Ya aika gidan da yake haya aka dama kunun gero da abin da ke ɗakinsa, aka haɗa da nonon, aka raba wa 'yan aji ɗaya da aji biyu a kofunan shan ruwa. Bai kai ga sauran azuzuwa ba. A zangon nan Altine ta kawo ƙwarya sau biyar, wata maƙwabciyarta sau biyu. Da kaka ta yi, gida uku a cikin gari suka aiko da damin gero, ya sa aka ajiye a ofis don rani.